Franz Liszt ba gwanin piyano ba ne kawai

Mutane da yawa suna ɗauka cewa Franz Liszt, wanda aka haifa a Hungari a 1811, ya ƙare rayuwarsa ne yana yawon kaɗa piyano gari-gari, amma wannan tauye masa haƙƙi ne. A 1847, yana ɗan shekara 35 kuma yana kan ganiyarsa, ya daina kiɗa don neman kuɗi. Ya koma Weimar ta ƙasar Jamus, inda ya ja ragamar makaɗan fada, yana kuma tsara nasa kiɗan. Shi ne ya jagoranci gabatar da Lohengrin, wani wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa da kiɗa, karon farko a 1850, lokacin da mai shi, Bajamushen mai tsara kiɗa Richard Wagner, yake gudun hijira a Suwizalan. Ɗalibansa kuwa, ko kwabo ba ya karɓa a hannunsu.