Bashin da Bakano Yake Bin Dutse

BAZAZZAGE: Bawana, ratse gidan man can mu cika tanki.

BAKANO: A cika? Tun da aka cire tallafi a 2023 ka taɓa ganin mai hankali ya ce a cika? Lita huɗu za mu sha.

BAZAZZAGE: Kano zuwa Jos kusan kilomita 300 ne. Babur Boxer da goyo, ga jaka, ga hawa, ka ƙaddara lita ɗaya kilomita 40. Lita takwas ke nan, a ƙara biyu na ko-ta-kwana.

BAKANO: Lissafin 'yan birnin ilimi. Ka manta da gangara. Gangara kyauta ce. Duk inda ƙasa ta sunkuya sai in kashe inji in sa firi.

BAZAZZAGE: Jos hawanta ake yi, Alhaji. Ta fi mita 1,200 a sama.

BAKANO: To bashi ne. Duk abin da dutse ya sha mini a hawa, zai biya ni a gangara.

Suka bar titin Zariya suka bi ta Bunkure. Kafin Rano babur ya fara wani kuka daga baya, gurr-gurr.

BAZAZZAGE: Tsaya. Wa ya ɗaure maka sarƙar nan?

BAKANO: Ni. Bakanike ya ce sai na biya shi, a kan noti uku.

BAZAZZAGE: Ka ja ta tamau. Sarƙa ana bar mata lilo, kaurin yatsa biyu a tsakiya, kuma da mutum a kai ake gwadawa, don in na hau baya, ƙara ɗamewa take. A haka za ta cinye haƙora, ta kashe boris, in ta ga dama ta tsinke a Falgore. Miƙo sifana. A sassauta babban notin tayar baya, a juya ƙananan na gefe biyu daidai wa daida, in ba haka ba taya ta karkace. Ina baƙin man da za a ɗiga mata?

BAKANO: Ɗigo nawa?

Sai da aka yi ciniki, aka tsaya a kan ɗigo shida. Na bakwai da ya zuba bisa kuskure, Bakano ya lakace shi da yatsa ya mayar cikin gora.

BAZAZZAGE: Yanzu ɗaga kai ka ga duwatsun Rano. Ɗaya daga Hausa Bakwai ke nan. Sun yi ƙoƙari, ba laifi, amma wanda ya taso a gindin Kufena ba ya kiran wannan dutse.

BAKANO: Tifa nawa za a samu a wancan in an fasa?

BAZAZZAGE: Kallo muka zo!

BAKANO: Ai kallon nake. Ni da farashi nake kallo.

A Tiga ma haka aka yi. Bazazzage yana bayanin madatsar da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, Bakano yana tambayar masunta nawa kwandon karfasa. Dajin Falgore kuwa babu wanda ya yi musu, da rana tsaka suka ratsa shi, kowa bakinsa da addu'a. Shinge huɗu suka tarar kafin Saminaka. A kowanne an nemi takardu, an ba da takardu, an duba su a juye, sannan aka tambayi ko Alhaji ya zo da na ruwa. Nan kaɗai Bakano bai nemi ragi ba, sai dai ya rubuta a bayan hannunsa, ya ce shi ma a kan dutse zai ɗora.

Ana dosar Jengre babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

BAZAZZAGE: Juya rizab.

BAKANO: Tun Tudun Wada muke kan rizab.

Ɗan bumburutu na gefen titi, kwalabensa jere a rana. Akwai mai tsada, akwai mai sauƙi. Ba sai an faɗi wadda aka saya ba. Kilomita biyu babur ya fara fizga yana harbi ta salansa.

BAZAZZAGE: Ruwa ka saya. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi kafireta ke fara zuƙa. Rufe makunnin mai. Ka ga ɗan sukurun nan a gindin kafireta? Kwance shi, abin da ke ciki ya tsiyaye, sannan a buɗe mai a bari ya zuba har sai ya fito garau.

BAKANO: Ya zuba ina?

BAZAZZAGE: Ƙasa mana.

BAKANO: La ilaha illallahu! Tara mini murfin gorar nan.

BAZAZZAGE: Ruwa ne fa.

BAKANO: Ruwan da na saya a farashin fetur. Gida zan kai shi.

Aka kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin da kunkunniya. Bazazzage ya gyara tsayuwa, don irin wannan ranar yake jira tun Kano. Ya ce lafiyayyen fulogi ruwan ƙasa-ƙasa yake. In ya yi baƙi, mai ya fi iska yawa. Iskar tudu ba ta da kauri, ga soson tace iska ya toshe da ƙurar hanya. A goge bakin fulogi da samfefa, a wanke soson da kananzir a matse, a ɗan shafa masa mai. Bakano bai ji komai ba sai wuri ɗaya.

BAKANO: Wato a kan tudu babur ya fi ɓarnar mai?

BAZAZZAGE: In ba a gyara ba.

BAKANO: Bashi ya ƙaru.

Washegari a Jos, sanyi ya sa Bakano ya sayi safar hannu ƙafa ɗaya, ta hannun totur. Bazazzage ya ja shi gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952, har sashen gine-ginen gargajiya.

BAZAZZAGE: Durƙusa ka gaida iyayen gidanka. Kwafin Masallacin Juma'a na Zariya ne, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Dubi bakan gizon nan, da ƙasa da azara aka tayar da shi.

BAKANO: Wancan fa?

BAZAZZAGE: Kwafin badalar Kano.

BAKANO: Wato na ƙona mai, na biya kuɗin shiga, don in ga katangar da nake wucewa kullum kyauta?

BAZAZZAGE: Wace katanga? Ta gida ai kun yanka ta filaye. Ka kalli wannan da kyau, nan gaba nan za ka kawo jikokinka su gani.

Bakano ya yi shiru. Sai can ya tambayi mai gadi ko gefen wannan ɗin akwai wurin shago.

Daga nan ya ce a tafi karɓar bashi. An ba shi labarin Hawan Kibo, a hanyar Akwanga. Suka wuce Riyom, inda duwatsu ke ɗore kan juna, Bazazzage yana roƙon a tsaya hoto, Bakano ya ce tsayawa da tashi kik ɗaya ne, kuma kik ba ya tafiya a banza.

BAZAZZAGE: Ji nan, bawana. Gangaren nan ba wasa ba ne, manyan motoci ma tsoronsa suke. Sa giya ta biyu, ka bar inji a kunne, shi zai riƙe mu. Birki a taɓa a saki, gaba da baya tare. In ka danne shi ba sassauci, kwanon birki ya yi zafi, shu ɗin da ke kama kwanon ya yi santsi, ka taka ka ji wayam.

BAKANO: Inji a kunne a gangara? In biya kuɗin abin da Allah ya ba ni kyauta?

Ƙit, ya kashe makulli.

Kwana ta farko Bakano yana murmushi. Ta biyu ƙauri ya tashi. Ta uku ya taka birkin baya har ƙasa, babur bai san ana yi ba. Bazazzage ya karanto duk abin da ya haddace, ya haɗa da sunayen ƙofofin Zariya. Da silifa huɗu a kan kwalta da ragowar birkin gaba aka samu aka tsaya a cikin wani tarin yashi.

BAZAZZAGE: Kada ka zuba masa ruwa, kwanon zai iya tsagewa. A bar shi ya huce da kansa. Shu gaba da baya sun ƙone, sai sabo. Silifata ma sai sabuwa.

BAKANO: Amma ko ɗigon mai ban ƙona ba.

BAZAZZAGE: Madalla. To Kano tana bayanmu. Duk abin da muka gangaro yanzu sai mun sake hawa.

Bakano ya ɗaga kai ya dubi hawan, ya girgiza tanki ya saurara, ya duba bayan hannunsa.

BAKANO: Ɗan Zazzau, ka karya da kyau da safe?

BAZAZZAGE: Me ya kawo wannan?

BAKANO: Ni zan riƙe kai. Kama kariyar babur ka tura.