Ranar da Ɗaya da Ɗaya Suka Ba da Sifili

Wani ƙaramin laburare ne, wato tarin shiri da masu rubuta manhaja ke ɗauka su yi aiki da shi, da harshen kwamfuta na Python na rubuta shi, ana kwaikwayon da'irar lojik da shi: ƙofar AND, OR, NOT, XOR, sai na'urar tara lambobi mai bit huɗu, wato gurbi huɗu na 0 ko 1. Ka ba ƙofa waya ɗaya ko biyu, ta mayar maka da True ko False, wato gaskiya ko ƙarya. Yana zaune lafiya lau a siga ta 1.4, mutane na amfani da shi babu mai kuka, har ranar da na dube shi na ce ya tsufa, bari in wayar masa da kai.

Ina da hujja, ba wai ƙaiƙayin hannu kaɗai ba ne. Waya ta gaske ba 0 da 1 kawai ta sani ba. Verilog, harshen da ake zana da'irar lantarki da shi, na da hali huɗu: 0, 1, sai X idan ba a san abin da ke kan wayar ba, da Z idan babu mai tura mata komai. Ɗan'uwansa VHDL ma har hali tara yake ƙirgawa. To True da False ba za su ɗauki huɗu ba, sai na sa ƙofofin su riƙa mayar da rubutu: "0", "1", "X", "Z". Gwaje-gwajena suka fashe kusan gaba ɗaya, ni kuma da yake ni ne alƙali ni ne mai ƙara, na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara su su dace da sabon hali. Duk suka wuce. Na buga 1.5.0 na sake shi. A ƙa'idar lambar siga, duk canjin da zai karya tsohon aiki lambar farko ake ɗagawa, wato 2.0.0 ya kamata. Na san ƙa'idar sarai, gani na yi ban karya komai ba.

Kafin gari ya waye saƙonni sun taru. Wani ya ce duk fitilun da'irarsa sun kunnu sun ƙi mutuwa. Abin da na manta shi ne, a Python duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne, har da "0". Ƙofar AND tana lissafinta daidai, ta ce "0", amma da ya shiga `if` na tsohon shiri, umarnin da ke tambayar e ne ko a'a, sai a karɓe shi a matsayin e. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na koma na gina aji na musamman na sigina, na ba shi `__bool__`, abin da ke gaya wa Python gaskiya ce ko ƙarya: 0 ƙarya, 1 gaskiya, X da Z kuwa su tayar da kuskure, don kada a yi musu fassarar son rai. Na saki 1.5.1 ina ta jin kaina. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Akwai mai ƙirga wayoyin da ke kunne da `sum`, umarnin tara lambobi, saboda a Python idan aka tara True da True biyu suke bayarwa. Ban taɓa yi wa kowa alkawarin haka ba, amma yana aiki, ya ɗora gininsa a kai. Wannan na lallaɓa shi da `__add__` da `__radd__`, masu sa sigina ta taru kamar lamba. Sai ga wani da ya rubuta `is True`. Nan na ajiye makamai, domin babu abin da zai ci wannan gwaji sai True ɗin kansa, kuma Python ba ya yarda a gaji ajin bool, wato ajin True da False.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. A cikin wancan gyara na 1.5.0 na kuma juya jerin bit, don tsohon tsari ƙaramin bit yake sa wa a gaba, 1 ya zama [1,0,0,0], ni kuwa ina so a karanta shi yadda ake rubutawa a takarda, babba a gaba. Gwajin na'urar tara lambobi ko taɓa shi ban yi ba ya wuce, abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa ke nan. Sai da wata ta turo layi ɗaya tak: na tara 1 da 1, na samu 0. Na ɗauki biro. Jerinta [1,0,0,0] sabon tsari 8 yake karanta shi. 8 da 8 sun zama 16, shi kuwa 16 ba ya shiga bit huɗu, sai ya zube ta wayar ragowa ya bar 0000. To me ya hana gwajina kamawa? Na buɗe shi na ga lissafi ɗaya ne a ciki, 6 a tara da 9. Shida 0110, tara 1001, amsa 1111. Ka karanta ta hagu, ka karanta ta dama, duk ɗaya ne. Cikin lambobi 16 da bit huɗu ke ɗauka, huɗu ne kacal ke da wannan hali, 0, 6, 9 da 15, ni kuma na tsinto uku daga ciki na kafa su masu gadi. Da 3 na sa, da tuni ya koma 12 ya tona min asiri.

Abin da na yi daga ƙarshe shi ne abin da ya kamata tun farko. Tsofaffin sunaye na mayar da su yadda suke, bool suke bayarwa, ƙaramin bit a gaba. Sabon tsari ya koma ɗakinsa daban mai suna `v2`, tsofaffin suka zama siririn mayafi: su juya jerin, su kira sabo, su mayar da amsa bool. Na dawo da gwaje-gwajen 1.4 ba tare da taɓa ko waƙafi ba, na ƙara wanda ke bin duk haɗuwa 256 na lambobi biyu, abin da ko daƙiƙa ɗaya ba ya ci. Na sa DeprecationWarning, gargaɗin cewa abu ya tsufa, a tsofaffin, kusan babu wanda ya gani, domin Python ɓoye shi yake yi sai in daga babban fayil aka yi kiran.

Ina cikin shara na ga wani suna, `xro`, kuskuren yatsa ne na `xor` da na bari tun siga ta farko. Wannan kam, na ce, babu mahalukin da zai neme shi. Na goge. Mutum biyu suka rubuto a ranar. Yanzu `xro` na nan daram, da gwajinsa, da layinsa a littafin bayani.