Kafin a sauke giyabos, a leƙa ƙarƙashin feda

Akwai abin da ya daɗe yana sosa mini rai game da tsofaffin motocin ɗaukar kaya, waɗanda kulocinsu ba ya aiki da mai ko waya, rodi ne zalla tun daga feda har ciki. Da direba ya ce giya tana karta, kafin ya rufe baki an ce masa filet, wato faifan kuloci, ya ƙare, a sauke giyabos. Ni kuwa na ce sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Ciwon yana waje, a inda hannu yake kaiwa, amma ba mai son ya kwanta ya duba.

Ga hanyar da ƙarfin ƙafarka yake bi. Feda tana rataye ne a kan sanda mai bushin. Daga jikinta rodi ya ratsa bangon da ke gabanka ya sauka kan wani ƙarfe mai hannu biyu, wanda ake kira zedba saboda ya yi kama da harafin Z. Gefensa ɗaya yana juyawa a kan ƙwallon ƙarfe da ke jikin shasi, ɗayan a kan ƙwallon da ke jikin inji. Daga hannunsa na ƙasa wani rodin mai noti ya tura fok, wato ƙarfe mai baki biyu da ya shiga cikin gidan kuloci, fok ya tura boris, wato zoben ƙarfe mai juyawa, boris ya danna yatsun murfin kuloci, sannan filet ya saki. Haka akori-kurar Chevrolet da ta Ford na Amurka suke har wajen tsakiyar shekarun 1980, kafin a koma na mai. Ka ƙirga mahaɗan nan, za ka samu shida ko bakwai, kuma kowace ƙarfe ne yake gugar ɗan'uwansa duk lokacin da ka taka.

Fedar tana tafiyar kusan santimita 15, boris kuwa abin da yake matsawa bai fi milimita 12 zuwa 13 ba. Wannan bambancin shi ya sa ƙafa ɗaya take iya danne sifirin murfin kuloci mai ƙarfi haka. Shi ne kuma yake sa ƙaramar zaizaya ta zama babba: wasan milimita ɗaya a rodi yana iya zama biyar ko shida a kan feda. Idan mahaɗa huɗu ko biyar kowace ta ci nata, kaso mai yawa na takunka ya tafi a banza kafin boris ya san ana yi.

Alamar da nake so kowane mai irin wannan mota ya riƙe ita ce ta wasan feda, wato ɗan sakin nan da kake ji a sama kafin ta yi nauyi. Idan filet ne yake cinyewa, yatsun murfin suna ƙara matsowa kusa da boris, sai wasan ya riƙa raguwa, kuloci ya koma kamawa can sama, a ƙarshe ka ba da wuta a hawa inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu. Idan kuwa rodi da mahaɗansa ne suka zaizaye, wasan ƙaruwa yake yi. Kuloci ya koma kamawa dab da ƙasa, ka take shi har ya taɓa dabe amma ribas tana karta, giya ta ɗaya tana gardama, mota tana neman tafiya kana tsaye. Ribas ce take fara tona asiri, don a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben da ke daidaita gudu. Ciwo biyu ne masu kishiyar alama, kuma da rula ta 'yan makaranta za ka raba su.

Ni kaina sai da na sha kafin na gane. Tawa ta fara karta a ribas, na kai ta wani gareji, yaron da ya karɓe ni ya shiga ƙasa da sifana ya yi ta ƙara tsawon rodi har fedar ta yi tauri tun daga sama. Kartar ta ragu, na tafi ina murna. Ba a jima ba na fara jin wani siririn fito daga ƙasa wanda ba ya yankewa ko na ɗauke ƙafa. Ashe ya cinye wasan gaba ɗaya, boris ya manne da yatsu yana juyawa muddin inji na aiki. Boris ɗin irin wannan kuloci an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokacin da ka taka, ya koma ya huta. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Wani dattijon bakanike ne ya cece ni. Bai ko kunna motar ba. Ya sa aka toshe tayoyi, ya kwanta a ƙasa da tocila, ya cire sifirin da ke maido da fok, ya ce, "Ɗana, da hannu za ka danna, a hankali, in na ce tsaya ka tsaya." Na ce, "To, Baba." Na danna kamar faɗin yatsu uku, ya ce tsaya, ya kira ni in zo in gani. Rodin sama ya motsa, hannun zedba kuwa ko gezau. Da ya zare fin ɗin da ya haɗa rodin da zedba, ramin da aka huda shi zagaye ya koma siffar ƙwai, bakin rodin kuma ya yi ƙugu, an ci kusan rabin kaurinsa, ga jan garin tsatsa ya taru a wajen kamar an barbaɗa. Ya kama zedba ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal a kan ƙwallonta, bushin ɗin roba da ke ciki ya daɗe da ragargajewa. Wannan jan garin, duk inda ka gan shi a mahaɗa, ƙarfe ne yake cin ƙarfe ba giris.

Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Tunda zedba tana tsakanin shasi da inji, idan robar da inji yake zaune a kai ta yage, inji zai riƙa karkacewa duk lokacin da ka tashi da kaya, ya ja rodin tare da shi. Nan ne mota take karkarwa wajen tashi, kuma nan ma filet ake ɗora wa laifi. Haka idan robobin da kan motar yake zaune a kai suka lotsa, feda ta sauka, lissafin ya canja.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ramin da ya yi ƙwai a cike shi da walda a sake hudawa, amma a daidai tsakiyarsa ta asali, domin in ka gusar da shi ka canja nauyin fedar da tsawon tafiyarta. Wanda ya fi shi ne a faɗaɗa ramin a dasa bushin na tagulla. Rodin da ya yi ƙugu a sake shi, ko a cike a goge ya koma zagaye. A sa sabon fin da washa da makarinsa na gaskiya. Ƙusa da guntun waya da nake gani ana lanƙwasawa a wurin suna ba ni tsoro, don ranar da suka zare, kana tsakiyar motoci feda za ta faɗi ƙasa mota tana cikin giya. A duba gindin hannuwan zedba ko sun tsage, a duba bushin ɗin feda, a cika komai da giris.

Saiti shi ne na ƙarshe, bayan an kashe duk wani lilo. A ƙananan motocin nan wasan feda yakan kasance milimita 20 zuwa 25, manyan motoci sun fi haka kuma da yawansu a jikin kulocin ake saita su, don haka a bi littafin motar. A ɗaure noti na biyu a kan na farko, a mayar da sifirin.

Ban ce kada a taɓa sauke giyabos ba. Ƙwallon da fok yake juyawa a kai yana ciki, shi ma yana cinyewa, filet yana lanƙwashewa, ƙaramin boris na tsakiyar filawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, yana kamewa. Idan waje ya yi tsaf, wasa ya daidaita, ka taka ka jira daƙiƙa biyar ribas ta ci gaba da karta, to a sauke. Tawa dai, da Baba ya gama, na taka na jira, na ja ribas ta shige shiru, fiton nan ma ya ɗauke, kuma tsohon filet ɗinta ne a cikinta har yau.