Lamba 23

Tun da rabin unguwa sun riga sun ji labarin nan daga bakin mai shayi, ya kuma zuba masa gishiri da magi yadda ya ga dama, gara in ba da nawa da bakina.

Kun san abin da nake karantawa a jami'a, harkar tafiyar da ayyuka da fasaha, wato yadda masana'anta ko banki ko asibiti zai tsara aikinsa ba ɓarnar lokaci ba ɓarnar kaya. Ina aji 3. Samistar da ta wuce muka yi darasin layi da na ajiyar kaya, na ci jarrabawar da kyau, abin da ya jawo mini ke nan. Na dawo Jega hutu kaina cike da Toyota. Malaminmu ya ba mu labarin Taiichi Ohno, injiniyan da ya gina tsarin kamfanin bayan yaƙin duniya na biyu: kada ka ƙera abu sai an buƙace shi, lokacin da aka buƙace shi, daidai yawan da aka buƙata. Cikin ɓarna iri 7 da ya lissafa, yin kaya fiye da buƙata ita ce uwarsu. An ce yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya tsayar da sabon injiniya a ciki ya yi ta kallo har sai ya gano inda ɓarna take. Ni ba ni da masana'anta. Abin da nake da shi tandar masar Inna.

Na samo gawayi na zana da'irata a ƙofar gida, na shiga ciki da agogon waya. Litinin, Talata, Laraba, tun daga sallamar asuba har hantsi. Na auna minti nawa masa take yi kafin a juya ta, na ƙirga masu saye, na zuba komai a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Na gano abu biyu. Kullum Inna tana jiƙa mudu 6, kullum kuma sai masa ta yi saura a kwando, wajen 30. Sannan masu saye ba layi suke yi ba, cincirindo suke yi, kowa ya miƙo kwano ta saman kan wani, Inna kuma ta zaɓi wanda ta ga dama. Ni da na karanta Erlang, mutumin Danmak da ya fara lissafin jira a layi tun 1909 a kamfanin tarho na Kofanhegan, abin nan ya tsaya mini a rai.

Da na kai mata kwamfuta na nuna mata jadawalin, ta dubi kwamfutar, ta dube ni, ta ce in matsa ina tare mata iska wuta ba ta kamawa.

Sai Allah ya kawo suna a Aliero, ta tafi da kwana. Ta bar Gwaggo a kan tanda, ƙanwata a kan kuɗi. Tana fita na ji tana ce wa ƙanwata wani abu game da mudu 9, na ce a raina tsufa ne. Da yamma na karɓe ragama. Mudu 4 lissafi ya ba ni, mudu 4 aka jiƙa. Na yanka kwalin taliya na yi katuna na rubuta lamba 1 zuwa 60, domin kalmar kanban ɗin da Toyota ke taƙama da ita, ma'anarta kati ne ko allo. Gwaggo ta ce, "Yaro, ka san gobe mi ce?" Na ce mata alƙaluma ba sa ƙarya.

Gobe kasuwar Jega ce. Kwana 3 ɗin da na auna babu ranar kasuwa a ciki. An haife ni a garin nan, na san ranar kasuwa kamar yunwar cikina, amma ba ta cikin Excel.

Kafin rana ta fito masu lodin albasa da direbobi da 'yan dako sun cika ƙofar gida. Da farko abin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, ina so a rubuta wannan. Na tsayar da su layi ɗaya har bakin kwata, ina miƙa kati, Gwaggo tana suya tana tsaki. Kaina a sunkuye yake ina rubuta lokacin zuwan kowa a littafi. Sai na ga hannu ya miƙo kwano ta gefena, ba ta layi ba. Ban ɗaga kai ba. Na zari kati na ɗora a kan kwanon na ce, da muryar nan ta ma'aikacin banki, "Baba, a bi layi. Wanda ya riga zuwa shi ke riga samu."

Wurin ya yi tsit. Har tandar kamar ta daina ƙara.

Na ga takalmin tukuna. Daga nan bakin babbar riga, farar shadda mai aiki. Daga nan carbi. Ina ɗaga kai a hankali ina addu'ar Allah ya sa wani Alhajin ne, ai Alhazai ba su ƙare ba a Jega. Ba wani ba ne. Shi ne. Waɗanda suka san gidan da nake zuwa zance bayan isha'i sun san wa nake nufi, waɗanda ba su sani ba su tambayi mai shayi. Shekara da shekaru yaro yake aikowa da kwano, Inna ta riga ta ware tasa tun suyar farko. Ranar nan kaɗai, yaron ba shi da lafiya, ya ce bari ya biyo da kansa daga masallaci.

Ya ɗauki katin. Ya nisanta shi da ido kamar mai duba kuɗin jabu. Ya juya bayansa ya ga hoton taliya. Ya sake juyowa. Ya ce, "Ashirin da uku."

Na durƙusa nan take, gwiwata cikin da'irar gawayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba, ban gani ba ne, kawo kwanon." Gwaggo ta saki ludayi tana salati, tana cewa Alhaji ya yi wa Allah ya miƙo. Da ya zage ni da na ji daɗi. Da ya mare ni da na gode. Murmushi ya yi ya ce, "A'a. Ɗan boko yac ce a bi layi. Mu da ba mu yi karatu ba, mi munka sani?" Ya tattara rigarsa ya taka har ƙarshen layi, ya tsaya bayan wani almajiri mai roba.

Mutum 10 da ke gabansa kowa ya ce Alhaji ya wuce. Ya ƙi. Almajirin ya fita daga layin don kunya, Alhaji ya kamo hannunsa ya maido shi ya ce lambarsa ta riga tasa. Na je da kwano cike na durƙusa, ya ce in mayar, zalunci ne. Yana tsaye yana jan carbi, katin taliya a ɗaya hannun, duk wanda ya wuce a babur sai ya tsaya ya gaishe shi ya tambayi lafiya, shi kuma ya ɗaga katin ya ce, "Lahiya lau, layi mukai." Na ƙirga. Sau 7 ya ɗaga katin nan. Littafin yana hannuna, ai aunawa na zo yi.

Ana haka na ji ludayi yana kankarar gindin roba. Duk ɗan gidan masu masa ya san wannan ƙarar. Masu kasuwa ba masar naira ɗari suke saye ba, kowa na cika leda ne ya kai wa abokan aiki. Lamba 22, almajirin nan, shi ya kwashe huɗun ƙarshe. Alhaji ya matso, ya ajiye katinsa a gabana da hannu biyu, ya miƙo kwano. Gwaggo ta kife robar kullu ta nuna masa gindinta, ba ta ce uffan ba.

Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Baba, yanzu za a yi sabo, tsarin haka yake, sai an buƙata ake yi." Na tura ƙanena inji da shinkafar da ko jiƙa ba ta yi ba. Toyota tana iya yin haka ne don masu kawo mata kaya suna kusa, kuma an san tazarar da ke tsakanin oda da isowar kaya, darasin da na ci da kyau ke nan. Kullun masa kuwa sai an jiƙa, an niƙa, an sa yis, ya kwana ya tashi. Tazararsa dare guda ce, ba ruwansa da Japan. Na zuba yis ninki uku na ajiye a rana. Abin da ya fito daga tanda wajen ƙarfe 10, akuyar gidanmu ta shinshina ta wuce.

To, mai shayi. Mutumin nan ni na buɗe masa manhajar banki a waya. Ni nake gyara masa in ta ƙi. Ranar da aka yi masa turin ƙarya ni na zauna awa guda ina nuna masa yadda ake duba shigar kuɗi. Tun ranar Litinin da ya gan ni cikin da'ira ya tambayi ƙanwata ko an kai ni wurin malamai. Ashe da ya ji mudu 4 aka jiƙa, da daddare ya aika aka ƙaro masa burodi da ƙwai. Kullu na ƙarewa ya jawo bencinsa ya buga cokali a kofi ya ɗaga murya, "Lamba 23, kanta ta biyu!" Layin gaba ɗaya ya juya wurinsa da katunana a hannu, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa wa Alhaji buzu, ya haɗa masa shayi mai kauri ya ce kyauta ne, "don a wanke ma unguwa kunya." Kafin hantsi ko ɓawon burodi bai rage ba. Mutumin da ko firamare bai gama ba. Kuma har yau ina bin sa naira 700 na katin waya, bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai in na wuce ya ce, "Toyota, a kawo shayi?" Yara sun ɗauka. Jiya wani da ban taɓa gani ba ya kira ni haka a tasha.

Inna ta dawo da la'asar, labari ya riga ya tare ta tun a mota. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni masa 30 ɗin da na ce ɓarna ce. Ta lissafa mini da yatsu: ta makarantar allo, ta tsohuwar bayan gida, ta wanda zai zo a makare, ta ranar da tanda za ta ƙona. Na ce ai wannan akwai sunansa a littafi, ajiyar ko-ta-kwana. Ta ce, "Awo. To shafin nan ba ka kai ba?"

Kwana 5 ban bi ta layin gidan Alhaji ba. Da na daure na je, 'yarsa da nake zuwa zance wurinta ta fito tana danne dariya da mayafi, ta miƙo mini katin. Ashe ya koma ya ɗauka. Wai Baba ya ce a tambaye ni ko lambar tana aiki har yanzu, ko sai ya karɓi sabuwa.

Yana cikin aljihuna. Da'irar ma tana nan, ruwa bai wanke ta duka ba, ƙanwata a ciki take ajiye bokitin wanke-wanke.