Garanti Ba Ya Ɗaukar Kowace Matsalar Kafireta

Masu injin yankan katako da yawa a Legas sun ɗauka cewa muddin garanti bai ƙare ba, dila ne zai gyara kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska a inji, kyauta. Ba haka abin yake ba. Garanti yana ɗaukar aibin da ya fito daga masana'anta ne, alhali galibin matsalar kafireta daga mai take tasowa, domin fetur da ya haura wata guda a tanki yakan yi danƙo ya toshe ƙananan ramukanta. Kamfanonin Stihl da Husqvarna, masu ƙera irin wannan inji, sun ƙayyade kashi 50 na fetur ga kashi 1 na man 2T, wato man inji da ake gaurayawa da fetur. Idan inji ya riƙa mutuwa, kada a bari mai gyaran janareto ya kwance kafiretar, a kai wa dila tare da rasit, don kwancewar na iya soke garantin.