Kafin a karɓi makulli, a ƙirga yaran gidan

Makon jiya wata baiwar Allah da ke zaune a kwatas ɗin ma'aikata a nan Kano ta nuna mini takardar da aka kawo mata. Mijinta ma'aikaci ne, Allah ya yi masa rasuwa, ita kuma ba ta daɗe da fita takaba ba. Takardar ta ce ta tattara ta ba da makulli, za a ba wani gidan. An rubuta lambar gida, lambar fayil, sunan mamaci har da matakin albashinsa. Ba a tambayi mutum nawa ke kwana a ciki ba. Yara biyar ne, babbar tana shirin jarrabawar fita sakandare, autan ko yaye shi ba a yi ba.

Takardar ba ta ɓata mini rai kamar amsar da na samu da na kai zancen majalisarmu bayan Isha'i ba. Mutane masu ilimi da furfura suka haɗa baki suka ce gidan gwamnati ba gadon uban kowa ba ne. Wani ya ƙara da cewa akwai ma'aikata a layi suna jira, doka kuma doka ce.

Wa ya ce gado ne? Matar nan ba ta nemi a mallaka mata gidan ba. Lokaci take nema, da a biya ta haƙƙin mijinta ta kama haya. Masu wannan magana sun fi kowa sanin yadda haƙƙin ma'aikaci yake fita a jihar nan. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf da bakinta ta ce ta gaji bashin garatuti da kuɗin magada na sama da naira biliyan 48 a 2023, kuma kashi-kashi take biya. Ke nan akwai iyalan da suka yi shekaru suna jiran guminsu. Idan hukuma na bin ka gida, kai kana bin ta kuɗin da za ka kama wani gidan da shi, wa ya kamata ya fara cika alkawari? Wannan dokar da ke gudu a ranar karɓar makulli, ta koma rarrafe a ranar biya, ba ita za a yi mana wa'azi da ita ba.

Su masu cewa doka doka ce, ban san ko sun manta akwai wata dokar ba. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003. Kano ta yi shekara ashirin tana jan ƙafa, sai a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki ya sauka, Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha. An yi tafi, ƙungiyoyi sun ɗau hoto. To ina ta tafi? Ginshiƙin irin wannan doka shi ne duk matakin da ya shafi yaro a fara duba maslaharsa. Ban ga matakin da ya fi shafar yaro kamar a raba shi da ɗakin da yake kwana ba.

Mu a nan mun mayar da kare yara aikin shara. Sai yaro ya kwana a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa ko a rumfunan Kantin Kwari, sannan Hisba ta zo da mota ta kwashe, a kira 'yan jarida, a yi kashedi ga iyaye. Ba na raina wannan aiki, wani lokacin ya zama dole. Amma yaron nan ba daga sama ya faɗo ba. Wasunsu sun taɓa samun adireshi, da makaranta, da mai jiran dawowarsu kafin Magariba.

Duk wanda ya taɓa ganin an tashi iyali ya san yadda abin ke tafiya. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira 71,000 ne, mai gida kuma kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali. Uwar da ba ta da ko albashin sai ta raba 'ya'yan: biyu wajen baffa a Kurna, ɗaya wajen gwaggo a Ɗorayi, ita da ƙananan ta raɓa a ɗakin tsohuwarta. Makaranta ta yi nisa, kuɗin adaidaita sahu ya gagara tun da aka cire tallafin mai, sai a ce a bari sai zango mai zuwa. Zangon ba ya zuwa. Ta macen a ɗora mata farantin talla, ko a fara zancen a aurar da ita a huta. Na mijin kuwa ya samu abokai a bakin layi. Bayan shekara biyu mutanen majalisar nan tawa za su zauna suna tsine wa 'yan daba da masu ƙwacen waya, suna tambayar ina iyayensu suke.

Masu cewa laifin iyaye ne da suka haifi fiye da ƙarfinsu, sai su je maƙabarta su faɗa wa mamacin.

Kuma kada a ce mini babu gidaje. Wannan jihar ce ta gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, aka yi shekaru gidaje da dama a cikinsu ba kowa sai ciyawa. Mun ga kuma a watan Yunin 2023 yadda katafila ke isa wuri cikin dare idan gwamnati ta ga dama. Ashe ana iya sauri. Ba a dai taɓa gwada shi a kan marayu ba.

Abin da nake nema bai kai a kafa masa kwamiti ba. Kada takardar tashi ta fita daga kowane ofishi sai jami'in walwalar jama'a na ma'aikatar mata da yara ya shiga gidan, tare da mai unguwa, sun ga yaran da idonsu, sun rubuta inda za su koma. Kada a tashi iyali ana tsakiyar zangon karatu. Wanda kuma hukuma ba ta biya haƙƙinsa ba, iyalinsa su zauna har sai kuɗin ya shiga hannu. Ma'aikacin da ke layi yana da albashi, zai iya ƙara wata shida a gidan haya.

Ita dai baiwar Allah an ba ta zuwa ƙarshen wata. Ta riga ta sayar da firji, babbar 'yar kuma ta fara tambaya ko za a iya mayar mata da kuɗin rajistar jarrabawa.