Shekara shida kana tuƙi, amma ba a kan wannan mashin ɗin ba

Salamu alaikum 'yan uwana matasa. Maganar nan ta daɗe tana cina, abin da ya sa na ce bari yau in amayar da ita shi ne wani ƙanena da ya zo min jiya da hoton mashin a waya, baki har kunne, wai na hannu ne amma "wallahi yaya kamar sabo, ko ƙwarzane babu". Na ce ka hau? Ya ce a'a. Ka ji kukan injin? A'a, amma mai shi ya ce lafiyarsa lau. Na ce to ka taɓa tuƙa mai kulos? Sai ya kwashe da dariya ya ce haba yaya, shekara shida fa ina kan mashin. To wannan dariyar ce ta tayar min da hankali, don ni ma irinta na yi a lokacina, kuma har gobe akwai tabo a gwiwar hannuna ta hagu da ke tuna min.

Bari in fara da sayen kansa, duk da ba shi ne ya fi damuna ba.

Mashin na hannu ba laifi ba ne, ni ma shi nake hawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, abin da ba a so shi ne ka sayi rariya kana zaton tulu ka saya. Kuma fenti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka kalla, don shi ya fi komai sauƙin gyarawa, sau da yawa ma kyan ɗan maciji ne. Ranar da na je ganin nawa na tarar an wanke shi yana ƙyalli, mutumin ya danna sau ɗaya ya tashi, na ce kai wannan ai zuma ne. Ban sa hannu a jikin injin ba. Da na sa da na ji shi da zafi, ashe tun kafin in iso ya tayar da shi ya ɗumama shi. Washegari da safe ni da shi muka yi ta kokawa, na danna na buga kik har gumi ya jiƙa min riga, da ƙyar ya tashi yana tari yana feso hayaƙi shuɗi. Hayaƙi shuɗi kuwa baƙin mai injin yake ƙonawa, ko zoben fistin ya cinye ko robobin bawul sun gaji. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wannan yawanci gyaran kafireto ne ko abin tace iska, da sauƙi. Don haka ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka zo, in ka iso ka fara taɓa injin da bayan hannunka, in da ɗumi ka ce za ka dawo gobe da sassafe. In ya fara kame-kame ka san akwai lauje cikin naɗi.

Ka zaro sandar gwada baƙin mai ka goga a farin tsumma. In man ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. In ka ga ƙananan ƙyalli na ƙarfe a ciki, injin yana cin kansa. Ka tsuguna ka kalli haƙoran siforoket, wato faifan da sarƙa ke bi a kai, in sun yi tsini sun karkace kamar ƙugiya to ita da sarƙa duk sun tafi, kuma tare ake canza su. Ka riƙe birkin gaba ka danna kan mashin ƙasa sau uku huɗu, sannan ka shafa bututun shokozoba, in yatsanka ya ɗebo mai to robar ta fashe. Ka duba ƙarshen hannun birki da na kulos da matakin ƙafa da gefen salansa, nan ne mashin yake ajiye labarin faɗuwarsa, mai shi zai iya rantsewa bai taɓa faɗuwa ba amma ƙarfe ba ya rantsuwa. In ka ga gefe ɗaya duk sabbin kaya ɗaya gefen tsofaffi, ka tambaya me ya faru.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta yi tauri ta daina kama titi. Tawa ta baya zanenta raɗau, ashe shekararta tara. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Sai takardu. Lambar firem tana buge a wuyan mashin, inda kai yake juyawa, ta injin tana jikin injin, ka karanta su harafi bayan harafi ka gwada da abin da ke cikin takarda. In an kankare, ko an yi walda a wurin, ko mai shi ya ce takardun suna wurin wani yayansa zai kawo daga baya, ka kama gabanka ko da kyauta zai ba ka. Kuma dan Allah ka tafi da bakanike naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Cinikin biri a sama ta hoton waya kuwa ba na ma son in ɓata bakina a kai.

Yanzu ga ainihin abin da ya kawo ni.

Mu matasa muna ɗauka iya tuƙi abu ɗaya ne, in ka iya ka iya. Ba haka ba ne. Abin da ka iya shi ne mashin ɗinka na da. Hannunka da ƙafarka sun haddace shi, suna aiki ba tare da sun yi shawara da kai ba, kuma ranar da abu ya taso maka ba zato, akuya ce ta tsallako ko mota ta buɗe ƙofa, ba kai ne za ka yanke hukunci ba, wannan haddar ce za ta yanke. Sabo turken wawa. A 1981 aka fitar da wani bincike a Amurka, wani malamin jami'a mai suna Harry Hurt da mutanensa suka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ɗaya bayan ɗaya. Cikin abin da suka gano, fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata biyar a kan mashin ɗin da suka faɗi da shi ba, alhali in aka duba jimillar tuƙinsu kusan shekara uku suke da ita a titi. Ka gani ko, ba 'yan koyo ba ne, mutane ne irin ƙanena, irina, da suka sauya doki suka ɗauka linzamin ɗaya ne.

Ni ƙaramin mashin na saba da shi, irin mai giya ba kulos, dangin Honda Super Cub ɗin nan da aka fara ƙerawa tun 1958 kuma aka yi fiye da miliyan 100 nasa, wanda ko yaro ka ɗora zai ja. Nawa giyarsa huɗu, duk ƙasa ake takawa, ka taka ɗaya, ka taka biyu, ka taka uku. Wanda na saya kuwa ɗaya ce kawai ƙasa, sauran duk sama ake ɗaga su da saman ƙafa, firi tana tsakanin ɗaya da biyu. Na san wannan fa, an gaya min, har na ce ai abu mai sauƙi ne. Kwana biyu ina yi daidai saboda ina tunani kafin kowace giya. Rana ta uku hankalina ya kwanta, ina tafe a giya ta uku na ba shi wuta ina jin daɗin iska, na zo sa ta huɗu sai ƙafar nan ta yi abin da ta shekara tana yi, ta taka ƙasa. Biyu ta shiga. Na saki kulos gaba ɗaya, injin ya kurma ihu, tsohuwar tayar nan ta baya ta ja ƙiiii ta fara wutsil-wutsil, cikin firgita na damƙe birkin gaba da yatsu huɗu kamar yadda na saba damƙar na tsohon mashin ɗina mai gwangwani wanda sai ka matse da ƙarfi yake ji. Wannan kuwa birki mai faifai ne, ba sai ka matse da ƙarfi yake kamawa ba. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba, ina kallon tayar gaba tana juyawa a sama, wani dattijo yana cewa sannu yaro sannu. Allah ya taimake ni babu mota a bayana kuma akwai hular kwano a kaina, gefenta ya goge har ya yi fari.

Mai fitowa daga sikuta nasa ya fi nawa muni. A sikuta hannun hagu birkin baya ne. A mashin mai giya hannun hagu kulos ne. To ka yi tunanin abu ya gitta gabanka, ka matse hagu da duk ƙarfinka kana jiran ya tsaya, shi kuwa ka raba injin da taya ne kawai, sai ma ƙara sulalewa da ya yi. Wanda ya koma daga mai kulos zuwa sikuta shi ma zai zo tsayawa ya damƙe "kulos" ya kulle tayar baya.

Sannan nauyi. Ƙaramin mashin mai cc 110 ko 125 (cc ma'aunin girman inji ne) bai wuce kilo ɗari da 'yan kai ba, in ya karkata ka sa ƙafa ka tare shi. Manyan nan masu cc 600 zuwa sama sukan kusa kilo 200, in ya wuce wani mizani a karkace babu ƙafar da za ta riƙe shi, sai dai ya kwanta da kai, salansa mai zafi a kan ƙaurinka. Sau da yawa faɗuwar farko ma ba a gudu ake yinta ba, a wajen juyawa ne a hankali, kan mashin a murɗe ka taɓa birkin gaba, shi kenan. A irin wannan tafiyar ta hawainiya birkin baya ake ja kaɗan, kulos rabi, wuta kaɗan, ido yana kallon inda za ka, ba ƙasa ba. Ga kuma ƙarfi, ƙaramin yana da kamar ƙarfin doki goma, wasu masu cc 600 na tsere sun haura ɗari. Murɗar totur ɗin da ka saba yi don tashi daga tsaye, a can ita ce za ta ɗaga gaba sama ta zubar da kai ta baya.

Zama ma daban. Wani mashin a miƙe kake kamar kan kujera, wani ƙafafu can gaba hannu a sama, wani kuma a kife kake kan tanki. In ka koma mai kifewa za ka ji wuyan hannu yana ciwo, dalili kuwa ka ɗora nauyinka a kan hannu ne, cinyoyi ya kamata su kama tanki hannu ya zama sake. Masu ƙafa a gaba kuma ba sa kwanciya sosai a kwana, da wuri matakin ƙafa yake gogar titi, in ka shiga kwana da gudun da ka saba za ka ji ƙarfe na karta kuma babu sauran wurin kwanciya.

Wani abin da da yawanmu muke yi ba mu san muna yi ba: in kana gudu, don ka yi dama hannun dama kake turawa gaba kaɗan, sai mashin ya kwanta dama. A ƙaramin mashin ko jikinka ka karkata zai bi ka, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Babba ba ya jin wannan lallashin, sai ka tura da niyya. Wanda bai san haka ba shi ne za ka ga ya shiga kwana ta ƙi ƙarewa, ya ƙura wa bakin kwalbati ido, kuma inda ido ya kafe nan mashin yake zuwa.

To me za ka yi? Ka ajiye girman kai, shi ne mai wuyar. Ka samu fili babu motoci ka yi sati kana abin da za ka ji kunya a gan ka kana yi. Ka saki kulos a hankali ba wuta har ka gane daidai inda yake fara kamawa, ka maimaita har ya gundure ka. Ka yi zagaye, ka yi siffar takwas. Ka ja layi a ƙasa ka riƙa tsayawa a kai, daga gudu kaɗan kana ƙarawa, kana matsa birkin gaba a hankali sannan da ƙarfi, ba fizga ba. Masu cewa kada ka taɓa birkin gaba zai wurgar da kai sun cuce mu, kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa daga gaba yake zuwa, fizgar ce take kayarwa. Kuma ka sani in ka ninka gudu, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya ba ninki biyu ba ne, huɗu ne. In mashin ɗin yana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka matse birki da ƙarfi, ka gwada shi a filin ka ji yadda yake karkarwa a hannu, kada ranar tsautsayi ta zama ranar farko da za ka ji ka tsorata ka saki.

Kar ka ɗauki kowa a baya a watan farko, ko wace ce, ka gane ai. Kar ka bi ayarin abokai, su sun san nasu mashinan, kai baƙo ne a kan naka, kuma kunyar a bar ka a baya ta kai mutane da yawa gadon asibiti. Sannan ka gyara shi ya dace da kai, don mashin na hannu yana zuwa da halin mai shi na da: ya saita kulos yadda yake so, ya lanƙwasa fedar birki daidai ƙafarsa, madubi daidai tsayinsa. Ka canza baƙin mai da man birki, ka duba iskar taya da abin awo ba da duka da ƙafa ba, kuma cikin kuɗin da ka ware ka rage na taya da hular kwano tun kafin ka fara ciniki, kar ka zube duka a hannun mai mashin ka dawo kana cewa sai wata mai zuwa.

Shi dai ƙanen nawa mun yi da shi gobe da sassafe za mu je ganin mashin ɗin. Na ce ya gaya wa mutumin kada ya tayar, ya zo da tocila da farin tsumma, kuma in ciniki ya faɗa ni zan tuƙo shi gida, shi ya biyo ni a kan tsohon nasa. Ya ɓata rai, har yanzu bai amsa min saƙo ba.